Kurakuran da ke sa ruwa ya ci manyan gine-ginen Kano, da yadda ake gyara su

Duk shekara da Agusta ya kama sai ka ji wani tsohon zaure ya zube a cikin birni, ko wani ɓangare na Badala, wato ganuwar birnin, ya zaftare, a ce ai ruwan bana ne ya yi ƙarfi. Ni dai ban cika yarda ba. Marka ba baƙuwa ba ce a Kano. Tun zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, aka soma ginin ganuwa, Gidan Rumfa da Gidan Makama kuwa tun ƙarni na 15 suke shan damina. Abin da ya canza shi ne irin gyaran da muke yi, da kuma wanda muka daina yi.

Babban kuskure, wanda ya fi ci mini rai domin da kyakkyawar niyya ake yin sa, shi ne shafe ginin ƙasa da siminti. Mu ma mun yi. Muka haɗa kuɗi aka yi wa zauren kakanmu filasta, muna murna mun huta da yaɓe. Bayan damina huɗu wani dattijon magini, aminin mahaifina, ya zo gaisuwa. Ya tsaya a bakin zaure ya ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa, sai ya amsa kamar ƙwarya. Ya ce, "Ɗana, miƙo mini guduma." Bugu biyu ya yi, falle guda ya ɓallo. Ƙasar da ke baya jiƙe take sharkaf, tubalan sun narke sun zama kwaɓi, gara ta yi hanyoyinta har sama. Na ce, "Baba, ai siminti ba ya shan ruwa." Ya ce, "Ba ya sha, ba ya kuma barin wanda ya shiga ya fita."

Ginin ƙasa numfashi yake yi. Ya sha ruwa da daddare, rana ta fito ya amayar. Siminti kuwa tafiyarsa daban da ta ƙasa: zafin bazara ya buɗa shi, sanyin hunturu ya tsuke shi, sai ya yi tsaga siririya kamar gashi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka. Ya shiga ta tsagar, ya rasa mafita, ya zauna yana cin bango daga ciki alhali fuskar tana nan sumul. Fentin mai ma illarsa ke nan.

Gyaran yana son haƙuri. A ɓamɓare simintin da kaka, kaɗan-kaɗan, kada a tuɓe bango gaba ɗaya rana guda. A bar iskar hunturu ta busar da shi. Inda ya rame a cike da tubali da kwaɓin birji, wato ƙasar gini, mai ciyawar ramno, wanda aka bari ya kwana biyu ya ruɓa, sannan a yi yaɓe, a bi da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ake kwaɓa ƙasar shafe da shi. Rufi da rawani, wato ɗan bangon da ke kewaye saman soro, kuwa laso magabata ke sa musu: katsin da ake kwasowa daga karofi irin na Ƙofar Mata, da gashin jima daga majema, da yauƙin dafara. Yana hana ruwa tsayawa, ba ya kuma toshe wa bango numfashi. Masu iya haɗa shi sun yi ƙaranci, shi ya sa duk mai tsohon gida ya kamata ya nemi dattawan magina tun suna raye, ya sa yara su tsaya kusa da su.

Sai indararo, wanda mutane suka raina. Wani gajere ne, ruwan na sauka a jikin bango yana sassaƙe shi. Wani kuma leda da sheƙar tattabaru sun toshe shi, ruwa ya kwanta a kan soro har ya ratsa zuwa azara. Mafi muni shi ne a cire indararo don wai ya tsufa da yayi, a binne fayif a cikin bango. Ranar da mahaɗin fayif ɗin ya saki, ba wanda zai sani sai ɗaki ya fara wari. A bar ruwa ya fita a fili inda ido ke ganinsa, a tsawaita indararon ya wuce gindin gini sosai, a ɗora dutse ko a yi daɓe a inda yake zuba, a kuma liƙe wuyansa da kyau a inda ya huda rawani, don yawancin yoyo daga nan yake farawa.

Akwai masu ganin yoyo sai su ƙara lafta ƙasa a kan rufi, bana a ƙara, baɗi a ƙara. Azarar giginya tana da juriya, amma jiƙaƙƙiyar ƙasa nauyi gare ta. A kankare tsohuwar tukuna, a duba kawunan azara inda suka shiga bango, nan suke fara ruɓewa.

Ruwan ƙasa ma yana nasa aikin shiru. An cike kududdufai da dama an yi gini a kansu, an ɗaga tituna sun fi daɓen tsofaffin gidaje tudu, lambatu ya cika da shara. Sai danshi ya riƙa hawa bango daga tushe, ya bar farin gishiri kamar kanwa, ƙasar ta riƙa marmashewa. Maganin da aka saba yi wai a manna tayil zuwa ƙugu. Danshin sai ya haye saman tayil ɗin ya ci gaba. Abin yi shi ne a karkatar da ƙasar gindin bango ta gangara waje, a yashe magudana, a maido da dakali, domin ba don zama kaɗai aka yi shi ba, yana tare ruwan da ke fantsama a gindin gini. Badala kuwa, duk wanda ya haƙi ƙasarta ko ya jingina mata gini ya buɗe wa ruwa ƙofa.

Gine-ginen kankare ma ba su tsira ba, masallatai da ofisoshi masu rufin dakin, wato rufin zubin kankare. Ana zuba dakin a shafe ba gangara, a shimfiɗa kwalta, ranar Afrilu ta gasa ta ta tsattsage. Ruwa ya kai ga rodi, rodi ya yi tsatsa ya kumbura ya fasa kankaren. Mai gyara kuma sai ya liƙe daidai saitin inda sili ke ɗiga, alhali ruwa kan yi tafiya mai nisa a cikin dakin kafin ya ɓullo. A toshe mafita, a tara ruwa a kan rufin kwana biyu, a gano ainihin ramin, a gyara gangarar kafin a sake shimfiɗa komai. A duba tankin da ke ambaliya a sama kuma.

Lokaci ma kuskure ne. Ba a yaɓe cikin marka, ɗanyen kwaɓi ruwa ɗaya zai wanke shi. Mutanen Jenne a Mali duk shekara suke fitowa su yaɓe babban masallacinsu na ƙasa, wanda aka sake ginawa a 1907, kafin damina ta sauka. Mu ma yanzu da Afrilu ya shiga muke kafa tsani a zauren kakanmu. Ƙanena ya hau ya yashe indararo, ni kuma in bi bangon ina ƙwanƙwasawa da bayan yatsa, ina sauraron inda zai amsa kamar ƙwarya.