Yadda Ake Sassarfar Safe a Istanbul Don Ganin Rayuwar Gari

Yawancin 'yan kasuwarmu da ke zuwa sarin tufafi a Istanbul, birnin da kakanninmu ke kira Santambul, sukan yi mako guda tsakanin otal da shagunan unguwar Laleli, su dawo gida ba su ga komai ba sai dila da rasit. Wannan asara ce a ganina, domin sa'a guda ta sassarfa da sanyin safiya ta isa ta nuna wa baƙo yadda mutanen garin ke neman abincinsu, tun kafin tituna su cika da masu yawon buɗe ido.

Abu na farko shi ne lokaci. Ka fito bayan sallar asuba, da zarar gari ya fara wayewa. Sai dai ka lura cewa tun shekarar 2016 Turkiyya ta daina mayar da agogonta baya da hunturu, saboda haka a watan Disamba rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8, ga kuma iska mai ratsa ƙashi da ke tasowa daga teku. A irin wannan lokaci kana bukatar rigar sanyi mara nauyi da hular da za ta rufe kunne. Ka sa katin otal ɗinka a aljihu tare da shaidar fasfo, domin 'yan sanda kan tambayi baƙi takardu a wannan yanki, sannan ka riƙe 'yan canji da katin shiga jirgi da ake kira Istanbulkart.

Na'urar sauraron kiɗa kuwa, ka bar ta a ɗaki. Wanda ya toshe kunnensa ba zai ji ƙarar cokali a cikin kofin shayi ba, ba zai ji ƙahon jiragen ruwa ba, kuma, abin da ya fi haɗari, ba zai ji jirgin ƙasan da ke bin tsakiyar titi yana tafe a bayansa ba.

Daga Laleli ka gangara kudu ta Kumkapı har ka isa bakin tekun Marmara, inda titin Kennedy yake, sai ka juya hagu. A nan hanya shimfiɗe take babu hawa, abin da ba kasafai ake samu ba a wannan gari mai tuddai. Teku na hannun damanka, da manyan jiragen dakon kaya jingim suna jiran izinin ratsa mashigin Bosforus, tsohuwar ganuwar Rumawa kuma na hagunka, fadar Topkapı ta sarakunan Usmaniyya na bisa tudu. Kada ka matsa wa kanka a wannan zango. Ma'aunin shi ne ka riƙa tafiya a saurin da za ka iya amsa gaisuwa ba tare da haki ba, domin wanda ke tseren agogo ƙafafunsa kawai yake kallo.

Bayan ka zagaya ƙuryar Sarayburnu ka doshi Eminönü, nan ne ya kamata ka rage sauri ƙwarai, ko ma ka koma tafiya. Jiragen fito daga Üsküdar da Kadıköy suna sauke ma'aikatan da suka kwana a ɓangaren Asiya za su wuni a ɓangaren Turai, kowa ya sauko da hanzari, ya tsaya gaban jan amalanken mai simit, wato wani zagayayyen burodi da aka barbaɗe da riɗi, ya miƙa kuɗi ya wuce yana ci. Yaron mai shayi na ratsa jama'a da faranti mai marataya, ƙananan kofunan gilashi masu siririn ƙugu a jere, ko ɗigo bai zuba ba. A lungunan bayan kasuwar kayan yaji za ka ga 'yan dako sun duƙa, da wani matashi na fata a gadon baya, an ɗora musu kayan da ya fi su tsawo. Duk wanda ya saba da Kantin Kwari da safe zai gane wannan hada-hada nan take, ko da bai ji kalma ɗaya ta Turkanci ba.

Gaisuwa guda ce nake roƙon ka haddace: "kolay gelsin". Ita ce "sannu da aiki" tasu, ana faɗa wa mai shara da mai gyaran titi da mai jera kaya a bakin shago. Na faɗa wa wani dattijo da ke wanke dandamalin shagonsa, wata mage na zaune a gefe tana jiran ya gama. Ya ɗago kai, ya dafa ƙirji, ya nuna mini kujera da butar shayi. Kada ka ɗauki hoton mai sana'a sai ka nemi yardarsa, ko da nuni da hannu ne. Idan kuma kana son shiga Yeni Cami, masallacin da tantabaru suka mamaye harabarsa, to ka dawo daga baya cikin suturar da ta dace, ba da gajeren wando da gumi ba. Karnukan titi da za ka tarar kwance, da yawansu da alama a kunne, ba su cika kula mutane ba. Ka rage gudu ka kauce musu kawai.

Zango na ƙarshe shi ne gadar Galata, wadda tsawonta bai kai rabin kilomita ba. Ka bi ta sama, amma ka ba masu fatsa tazara, domin sukan wurga ƙugiya ta baya ba tare da waiwaye ba. Leƙa bokitansu, za ka ga ƙananan kifaye masu sheƙi suna iyo, wasu na sayarwa, wasu na kalacin gida. Idan ka sauka Karaköy, a ɗaya ƙarshen gadar, to ka riga ka yi kimanin kilomita 6 ke nan. Ka sayi simit mai ɗumi da shayi, ka zauna ka huce, sannan ka hau jirgin ƙasa na layin T1 mai zuwa Bağcılar, wanda zai sauke ka a tashar Laleli daidai lokacin da masu shaguna ke ɗaga ƙofofinsu.