Yadda ake farfaɗo da tsohon kamfanin intanet a zamanin AI, misali daga Yahoo

Duk wanda ya taɓa sayen awa ɗaya a kafe yana jiran shafi ya buɗe ya san Yahoo, da yawanmu ma can muka buɗe imel na farko. Jerry Yang da David Filo ne suka kafa shi a 1994 suna ɗalibai a jami'ar Stanford ta Amurka, a 2008 Microsoft ta taya dala biliyan 44.6 aka ce albarka, sai ga shi a 2017 Verizon, kamfanin sadarwa na Amurka, ta ɗauke harkar intanet ɗin kan wajen biliyan 4.5. Amma kamfanin bai mutu ba, kuma ni dai ina ganin duk mai tsohon shafi da ke neman durƙushewa ya kamata ya kalli yadda ake tada shi.

Ka fara da ƙirga abin da mutane ke buɗewa da kansu kullum ba sai ka roƙe su ba. Lokacin da kamfanin zuba jari na Apollo ya sayi kashi 90 na kamfanin a 2021 aka kawo Jim Lanzone ya shugabance shi, abin da ke da rai shi ne Yahoo Mail, Yahoo Finance, wasanni da labarai. Jarinka kenan. Sabon kamfanin AI, wato ƙirƙirarriyar basira, yana da fasaha amma sai ya ƙona kuɗi kafin ya samu jama'a, kai kuwa jama'ar na hannunka tun shekara ashirin.

Sai yanka, kuma nan ne akwai ciwo. A 2023 Yahoo ya rufe wani ɓangare na harkar tallarsa da ke ta gasa da Google ba riba, wajen kashi 20 na ma'aikata suka rasa aiki, ba ƙaramin abu ba ne wallahi, magidanta ne masu iyali, in dole ta sa za ka yi haka to ka sallami mutane da mutunci ka biya su haƙƙinsu cif. Tallar kuma aka ƙulla yarjejeniyar shekara 30 da Taboola, kamfanin talla na intanet, TechCrunch ma, shafinsu na labaran fasaha, an sayar a 2025.

Yanzu ga inda na fi so a tsaya. Kar ka ce sai ka ƙera naka injin na ƙirƙirarriyar basira daga tushe, wannan fagen su Google da OpenAI ne masu zuba biliyoyi a kwamfutoci da wutar lantarki, in ka bi su jarin zai ƙare ba ka kai ko'ina ba. Ka yi hayar nasu ka ɗora kan kayanka, inda mutum zai ji sauƙin a jikinsa: imel ya taru masa ɗari uku sai a taƙaita masa a ware masu muhimmanci, mai bin hannun jari a fayyace masa rahoton kamfani cikin layi biyar. In kuma saye za ka yi, sayi ƙaramin abu da zai shige cikin wanda kake da shi. A 2024 Yahoo ya sayi Artifact, manhajar labarai da waɗanda suka kafa Instagram suka yi, ya zuba fasaharta ta zaɓo wa mutum labarin da ya dace da shi cikin Yahoo News. Ka kwatanta wannan da Tumblr, dandalin sada zumunta da aka saya dala biliyan 1.1 a 2013 don a jawo matasa, ba a san yadda za a haɗa shi da sauran gidan ba, ƙarshe a 2019 aka rabu da shi a arha.

Batun tsaro kam ka gyara shi kafin komai ya fita. Kutsen 2013 ya shafi asusu biliyan 3 na Yahoo, kuma AI da za ta taƙaita imel dole sai ta karanta shi, to ka faɗa wa mutane ƙarara me take gani, ina bayanan ke zuwa, ka sa musu maɓallin kashewa a inda ido zai gani. Kuma kar ka sauya wa tsofaffin kwastomominka fuskar shafi dare ɗaya, ka fara gwadawa da 'yan kaɗan, bayan wata guda ka duba ko sun ci gaba da amfani da sabon abun ko sun kashe shi, in sun kashe ka cire.