Yadda na gyara hoto da sautin faifan Ong-Bak

Faifan DVD na Ong-Bak, fim ɗin Tony Jaa na 2003, ya ba ni wahala kafin ya kallu. Hoton ya fito ba launi yana rawa, 'yan wasan sun yi tsawo sun zama sirara. Ƙarar dukan gwiwa a damben Muay Thai na ƙasar Tailan tana cika ɗaki, amma maganar mutane sai ka kasa kunne sosai.

Faifan lafiyarsa ƙalau. Bugun Amurka ne mai tsarin hoton talabijin na NTSC, talabijin ɗina kuma PAL take karɓa, tsarin da aka yi amfani da shi a Najeriya da Tailan. Na shiga saitin na'urar DVD ɗin na mayar da hoton PAL, launi ya dawo nan take. Sirantar kuwa, na'urar tana kan 16:9 ne, wato saitin allo mai faɗi, alhali allona 4:3 ne, wanda bai kai shi faɗi ba. Da na canja, baƙin layi ya fito sama da ƙasa, kuma haka ya kamata, don a faɗaɗe aka ɗauki fim ɗin.

Sautin ne ya fi damuna. An naɗe shi a 5.1, wato tsarin lasifika biyar da ƙarin ɗaya ta sauti mai kauri, kuma a wannan tsarin yawancin magana ta lasifikar tsakiya take fita. Ni kuwa waya biyu gare ni, ja da fara, masu ɗaukar hagu da dama kawai, sai muryoyin suka salwanta. Na mayar da fitar sautin sitiriyo, na'urar ta haɗe su duka cikin biyun. Sannan na zaɓi asalin harshen Tailan, domin ihun 'yan kallo a filin damben ya fi armashi a cikinsa.