Yadda Ake Komawa Gida Lafiya Bayan Mahaukaciyar Guguwa a Gaɓar Tekun Amurka

Wanda ke zaune a Louisiana, Texas ko Florida ya san cewa daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, lokacin mahaukaciyar guguwa, ana iya cewa kowa ya kwashe iyalinsa ya bar gari. Fitar ba ta kai komawar haɗari ba, domin mutane da yawa sai iska ta lafa suke rasa rayukansu.

Da farko, kada ka kama hanya sai hukumar yankinku ta ba da izini. Lokacin guguwar Ida a Agustan 2021, wuta ta ɗauke a duk birnin New Orleans, hukumomi suka roƙi waɗanda suka fice su dakata tukuna. Wasu garuruwan kan kafa shingen bincike da dokar hana fita, don haka ka riƙe lasisin tuƙi ko wata takarda mai adireshinka. Ka cika tanki, ka ɗauki ruwan sha, magunguna, tocila da tsabar kuɗi, tunda kati ba ya aiki inda babu wuta. In da hali, a bar yara da tsofaffi a masauki.

A hanya, yi tafiyar rana. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 30 yana iya tafiya da ƙaramar mota, kuma ba ka san ko akwai kwalta a ƙarƙashinsa ba. Juya kawai. Duk wayar lantarki da ka gani a ƙasa, ɗauka tana da wuta.

Da ka isa, zagaya gidan kafin ka shiga. Duba rufi, bango da tushe. Idan ginin ya karkata ko silin ya lotsa da ruwa, tsaya waje. Idan ka ji warin gas, mai kama da na baragurbin ƙwai, kada ka kyasta ashana ko ka taɓa makunni. Yi nisa ka kira kamfanin gas. Kada ka kashe babban makunnin wuta kana tsaye cikin ruwa, aikin mai gyaran lantarki ne. Macizai sukan fake a ɗaki, har kada ma: bayan Ida, wani kada ya kashe wani dattijo a yankin Slidell da ke Louisiana.

Sai janareta, kuma nan ne nake so a fi nutsuwa. Mu da muka saba da shi a gida mukan raina shi. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar da ba ta da wari ko launi, mutum ya ji ciwon kai da jiri, ya kwanta, shi ke nan. Bayan guguwar Laura a Agustan 2020, wannan hayaƙi ya hallaka mutane da dama, har da 'yan gida ɗaya a garin Lake Charles da ke Louisiana. Ajiye shi a fili, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga. Gareji ba fili ba ne, ko da a buɗe yake. Tsoron ɓarawo ne ke sa a shigar da shi ciki, to a sa masa sarƙa da kwaɗo. A kuma sayi na'urar gano wannan iska mai aiki da batir.

Abincin firji kuwa, in wuta ta wuce awa 4 a ɗauke, zubar da nama, kifi da madara. Firiza cike a rufe takan riƙe sanyi kamar awa 48. Ruwan famfo a tafasa shi na minti ɗaya har hukuma ta ce ya gyaru.

Kafin ka taɓa tsintsiya, ɗauki hoton komai da bidiyo. Kamfanin inshora da FEMA, hukumar ba da agajin gaggawa ta Amurka, za su nemi shaida, kuma inshorar gida ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar ambaliya, tata daban ce. Ajiye kowane rasit.

Wajen shara, sa takalmin roba, safar hannu da takunkumi. Fumfuna na fara tsirowa cikin awa 24 zuwa 48, saboda haka a buɗe tagogi, a fitar da katifa da kafet da suka jiƙe. Kada a haɗa bilic da sinadarin amoniya. Mai rauni a ƙafa ya nisanci ruwan ambaliya, domin bayan guguwar Ian a 2022 an sami ƙaruwar masu kamuwa da Vibrio, ƙwayar cuta mai shiga ta rauni, a Florida. In ciwon ya yi ja ya kumbura, a tafi asibiti a ranar.