Yadda Ake Gane Inda Yashi Zai Taru a Mahaɗar Koguna Kafin a Kafa Gona ko Injin Ban Ruwa

Manomin rani da yawa ya sha wannan wahala: ya zaɓi wuri mai kyau kusa da inda rafi ke faɗawa babban kogi, ya kafa injinsa, ya yi shekara guda cikin jin daɗi, damina na wucewa ya dawo ya tarar gurbin da yake jan ruwa ya zama tudun yashi. Maƙwabcinsa na tsallake kuwa, ruwa ya cinye masa kunya goma na gona. Duka biyun aikin abu ɗaya ne. Rafin da ke shigowa yana zuwa da kayansa, wato yashi da laka da tsakuwa, kuma akwai inda ya saba sauke su. Ga yadda za ka gano wurin tun kafin ka kashe kuɗinka.

Mataki na farko: ka je wurin sau biyu, ba sau ɗaya ba

Ka je da rani, lokacin da ruwa ya janye ƙasan kogi ya fito fili, sannan ka koma da damina, kwana ɗaya ko biyu bayan ruwan sama mai ƙarfi. Zuwan rani zai nuna maka abin da aka sauke, na damina kuma ya nuna maka wanda ya kawo shi.

Mataki na biyu: ka dubi launin ruwa

Da damina ka tsaya a kan tudu ka kalli inda ruwan biyu suka gamu. Sau da yawa ba sa cakuɗuwa nan take, sai su yi ta tafiya kafaɗa da kafaɗa, kowanne da launinsa. Wanda ya fi ja ko duhun ƙasa shi ne mai ɗauke da laka. Mutanen Yamai sun san wannan sarai. Kogin Isa, wato Kwara, yana cika sau biyu a wurinsu: jan ruwa a watannin Agusta da Satumba, wanda kogunan Sirba da Dargol da Goruwal ke kwararowa da shi daga ɓangaren Burkina Faso, sai kuma baƙin ruwa da ke isowa wajen Disamba da Janairu daga duwatsun Gini, bayan ya zube lakarsa a fadamun Mali. Kogi ɗaya ne, amma ƙananan kogunan nan uku ne ke rina shi. Haka abin yake a Khartum, inda Shuɗin Nilu ke saukowa daga tsaunukan Habasha da laka mai kauri, ya tarar da Farin Nilu.

Sai dai launi laka kawai yake nunawa. Yashi ba ya yawo a saman ruwa, a ƙasa yake mirginawa yana tsalle, ido ba ya ganinsa. Rafi na iya zama garai-garai alhali yana tura tifa-tifa na yashi ta ƙarƙashi.

Mataki na uku: gwajin kwalba

Ka ɗebi ruwa a kwalabe uku masu girma ɗaya: daga babban kogi kafin mahaɗa, daga rafin, da kuma ƙasa da mahaɗa. Ka girgiza su, ka ajiye a inuwa. Yashi zai kwanta cikin minti ɗaya ko biyu, laushin ƙasa ya biyo baya cikin 'yan sa'o'i, yumɓu kuwa sai ya kwana ko ya fi haka. Kaurin abin da ya kwanta zai gaya maka wane ruwa ne ya fi dako. Da rani kuma ka damƙi ƙasar gindin kowane kogi ka murza a hannu. Idan yashin da ke ƙasa da mahaɗa ya fi kama da na rafin, ka san mai kawo shi.

Mataki na huɗu: ka karanta siffar mahaɗar

Nan ne ainihin aikin, kuma a nan nake so mai karatu ya dakata. Ka tsaya a bakin rafin, ka fuskanci inda ruwa ke gangarawa. Idan rafi ya shigo, ruwansa ba ya iya karya kwana nan take, sai ya yi baka ya nufi tsakiyar kogi. A bayan wannan kwanar, a gefen da rafin ya fito, ruwa yakan yi sanyi har ya riƙa juyawa a hankali. Ruwan da ya rage gudu ba ya iya riƙe kayansa, don haka nan ne tudun yashi ke tashi. Duk wanda ya jefa tiyon injinsa a wannan lungu, ya sa shi a bakin rumbun yashi.

A tsakiya kuwa, inda ruwan biyu ke karo, matsi da juyawa suna haƙa gurbi mai zurfi. Masunta sun san shi don kifi na taruwa a ciki, iyaye kuma su hana yara wanka a wurin. Ka roƙi mai kwale-kwale ya ratsa da kai, kuna soka gora kuna auna zurfi. Gurbin yakan fi zurfi idan rafin ya shigo a gicciye, kuma ƙarfin ruwan biyu ya yi kusa da juna. Idan ya shigo a karkace yana bin hanyar babban kogin, abin yana zuwa da sauƙi.

Sannan ka dubi gaɓar tsallake. Tudun yashi yana tsuke hanya, rafin kuma yana tura ruwa can, sai gaɓar ta fara zubewa. Gaɓa a tsaye kamar an yanka da wuƙa, saiwoyi a waje, bishiya ta sunkuya: kada ka yi gini ko ka dasa mangwaro a nan.

Mataki na biyar: ka tambayi wanda ke fara cika

Sarkin ruwa da tsofaffin masunta za su ba ka amsa. Idan rafin ke riga cika, zai watsa yashinsa cikin babban kogi tun yana ƙasa. Idan babban kogi ke riga, sai ya tokare bakin rafin, ruwa ya koma baya ya kwanta a fadama, ya bar laka mai taki. Irin wannan fadama ita ce abin nema ga mai shinkafa da albasa, amma ita ce kuma ke fara nutsewa a shekarar ambaliya, kamar yadda Lakwaja ta gani a 2012 da 2022, inda Kwara da Binuwai suka cika tare.

Mataki na shida: me ke sama da ku?

Dam yana tare yashi ya kuma rage ƙarfin cikar da ke wanke hanya. Gongola tana ratsa dam ɗin Dadin Kowa da na Kiri kafin ta faɗa Binuwai a Numan. Dam ɗin Tiga da aka gama a 1974 da na Challawa na 1992 sun sauya tafiyar kogin Haɗejia, har laka da kachala suka toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗejia da Nguru. Ka kuma bincika ko ana sare itatuwa, ko kwazazzabai na buɗewa, ko tifofi na kwasar yashi a sama.

Da ka haɗa waɗannan, sai ka zaɓi mazaunin injinka: sama da mahaɗa kaɗan, ko can ƙasa inda launin ruwa ya zama ɗaya, a gaɓa mai tauri da ruwa ke gudu a gindinta. Ka ɗaga bakin tiyo daga ƙasa da taya ko jarka. Ka kafa turaku biyu a gaɓa, ka auna tazararsu da bakin ruwa, ka rubuta, ka sake aunawa bayan kaka.