Kurakuran da ke Lotsar da Kek ɗin Banila Mai 'Ya'yan Itace

Duk mai karanta tsofaffin littattafan adabin Ingila na ƙarni na 19 ya san teburin shayin la'asar ba ya rasa kek mai laushi. Wanda ya fi shahara shi ne wanda aka raɗa wa sunan Sarauniya Biktoriya, kuma ya samu tashinsa ne bayan wani masanin kimiyya ɗan Ingila mai suna Alfred Bird ya ƙirƙiro bekin foda a 1843. Mutane kan yi ɗokin kwaikwayon adonsa, su manta cewa ran wannan kek iska ce. Kusan duk kuskuren da ake yi, iskar ake kashewa.

Na farko shi ne awo da kofi. Asalin ƙa'idar ta sikeli ce: a auna ƙwai da ɓawonsu, nauyin da suka bayar shi za a sa na bota, na sukari, da na fulawa. Idan ƙwai 4 sun ba ki giram 220, sauran ukun ma 220 kowanne.

Sai bota mai sanyi daga firij. Ba ta buguwa, sai dai ta yi gudaji. Wadda aka narkar ta zama ruwa kuwa ta fi muni, domin ba ta riƙe iska ko kaɗan. Ana son wadda in kin danna da yatsa za ta lotsa ba tare da ta yi maiƙo ba. Ki buga ta da sukari kamar minti 5, har launin ya koma fari-fari, ƙwaɓin ya yi sakayau. A nan ne yawancin mutane ke gajiya su tsaya da wuri, su kuma ɗora laifin a kan oben. Ƙwai ma kada su zo da sanyi. A zuba ɗaya bayan ɗaya. In kika ga ƙwaɓin ya tsinke kamar madarar da ta lalace, cokali guda na fulawa zai haɗa kansa.

Da fulawa ta shiga, a ajiye na'urar bugu. A tankaɗe ta, a juya da hannu a hankali daga ƙasa zuwa sama, da zarar farin ya ɓace a tsaya. Yawan juyi yana tayar da danƙon fulawa, kek ya fito a cushe. Ƙara bekin foda don a samu tashi ma yaudara ce: zai kumbura ya burge ki ta gilashi, sannan tsakiya ta rufta, ga ɗaci a harshe.

A fara zafafa oben zuwa digiri 180 a ma'aunin Celsius, a gasa minti 20 zuwa 25, kuma don Allah a bar ƙofar nan a rufe har minti 20 su cika. Tsinke ya fito a bushe, ya gasu.

Banila kuwa ƙaramin cokali ɗaya ya isa, musamman ta gaske da ake tatsowa daga kwanson shukar.

Wajen ado ne ake ɓarnar ƙarshe. Kek mai ɗumi yana narkar da kirim, don haka sai ya huce sarai. Sitiroberi da aka yanka aka barbaɗa wa sukari tun da wuri zai zubo da ruwa, ja ya bi ta gefe, saman kek ya jiƙe ya yi taɓo. A wanke 'ya'yan itacen, a tsane su da ƙyalle, a shafa jam siriri ko kirim a matsayin shamaki, sannan a jera su dab da lokacin ci. Ɗanyen kiwi da ɗanyar abarba kuma ba sa shiri da kirim ɗin madara: in suka daɗe tare sai ya yi ɗaci, saboda sinadarin da ke cikinsu yana narkar da furotin ɗin madarar.