Yadda ake haɗa wayoyin sabon rediyon mota: kada ya riƙa mantuwa, kada ya mutu in an tada inji

Ƙorafi uku ne ake yawan kawo mini a kan sabon rediyon mota, musamman irin na Android mai faffadan gilashi. Wani ya ce kullum da safe sai ya sake saita agogo da tashoshi. Wani ya ce tun da aka sa masa rediyon batir ba ya kwana. Na uku kuma ya ce da ya murɗa makulli rediyo ya fara tashi, yana tada inji sai ya ɗauke, ya sake farowa daga tushe, har ya fita daga gida da baya kyamara ba ta kawo ba. Duk ukun daga wayoyi biyu suke, ja da rawaya.

Ba zan tsaya kan cire dashbod ba. Ka cire kan batir na bodi, wato mai alamar (−), kafin ka yanka kowace waya, shi ke nan. Wayoyin lasifika ma launinsu ya isa: fara ta gaba hagu, toka-toka gaba dama, koriya baya hagu, mai ruwan makuba baya dama.

Rawaya ita ce ke ɗauke da abincin rediyo. Wuta ba ta yanke mata ko da makulli na aljihunka, ita ke riƙe agogo da saiti, kuma a yawancin rediyoyin yanzu ta cikinta ne ƙarfin da ke kaɗa lasifika yake bi. Ja kuwa 'yar saƙo ce kawai, tana gaya wa rediyo ya tashi ko ya kwanta. Baƙa ta bodi ce. Wanda ya gane wannan ya gama rabin aiki.

Abin da yaran rewaya suka fi yi shi ne su murɗe ja da rawaya wuri guda, su laƙa a duk inda fitilar gwaji ta kawo. In wayar da suka samu mai bin makulli ce, rediyo ya zama mai mantuwa. In kuma mai wuta kullum ce, rediyon ba ya barci, gilashi ya yi duhu amma ciki yana aiki, kwana biyu ko uku mota na ajiye sai a nemi masu turi. A wurina wannan haɗin haramun ne, ko mai mota na sauri.

Ka ɗauki mita mai auna wuta, ba fitilar gwaji ba. Mayar da kan batir, ka zare makulli, ka nemi wayar da ke nuna wajen volt 12.6: nan ne gurbin rawaya. Murɗa makulli zuwa ACC, wato matakin da rediyo ke kawowa kafin fitilun dashbod su kunna, wadda ta kawo wuta yanzu ita ce ta ja. Kada ka yarda da launin wayoyin motar, kowane kamfani da nasa. Ko soket ɗin nan na Turai mai suna ISO, wanda a ƙa'ida rami na 4 ne mai wuta kullum, na 7 kuma mai bin makulli, a motocin Volkswagen da Opel da yawa a juye suke. Shi ya sa masu Golf 3 da Sharan da Vectra 'yan Kwatano suka fi kowa kukan mantuwar rediyo. Yawancin soket ɗin da ke zuwa da rediyo suna da 'yar mahaɗa a tsakiyar ja da rawaya, ka zare ka musanya su, ba sai ka yanka komai ba. Wani abu kuma: duk wayar da ka gani a ƙarƙashin sitiyari cikin riga rawaya ko soket rawaya, ta jakar iska ce. Kada ka soka mata komai.

In wayar motar siririya ce ko an sha yi mata faci, ni nakan ja sabuwa daga batir, mai kaurin sukwaya milimita 2.5, in sa fiyus na amfiya 15 dab da kan batir ɗin. Fiyus a bayan rediyo ba ya kare wayar da ta ratsa ƙarfen mota. Baƙa kuma a ɗaure ta da noti a ƙarfen da aka kankare wa fenti.

Yanzu ga inda na fi so mu daɗe, wato mutuwar rediyo lokacin tada inji. Ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera makullin. Idan ka kai shi START, wato matakin tada inji, yana yanke layin ACC na ɗan lokaci don batir ya ba kik duk ƙarfinsa. Tsohon rediyon kaset bai damu ba, yana dawowa nan take. Na Android kuwa kwamfuta ce, in ka katse ta tana tsakiyar tashi, sai ta sake lale, ka jira rabin minti ko fiye.

Maganin shi ne ja ta samu wuta daga wuri biyu: daga ACC, da kuma layin igneshin da ba ya ɗaukewa a START. A motocin Jamus lambarsa 15, mai wuta kullum 30, bodi 31. Je ka akwatin fiyus, ka sa wani ya tada motar kana kallon mita. Fiyus ɗin da ya kawo a ON, wato matakin da ke gaban ACC, kuma bai faɗi sifili ba lokacin da kik ke juyawa, shi kake nema. Ka lura, akwai layukan da ke kawowa a ON amma su ɗauke a START, irin na waifa da fankar iska a wasu motoci, waɗannan ba su da amfani a nan. Ni ba na taɓa fiyus na jakar iska ko na birkin ABS ko na ƙwaƙwalwar mota, ko da sun cika sharaɗi.

To amma kada ka haɗa layukan biyu kai tsaye. Na taɓa yin haka a farkon koyona, a motar wani dattijo, na ga rediyo ya daina mutuwa na rufe dashbod. Da aka mayar da makulli ACC sai inji ya ƙi mutuwa, domin wutar ACC ta bi ta 'yar wayata ta koma tana ciyar da igneshin. Kafin in ankara wayar ta yi zafi har rigarta ta narke. Allah ya kiyaye ba ta kama da wuta ba, amma ranar na san muhimmancin dayod.

Dayod ƙofa ce mai buɗewa gefe ɗaya. Ka sayi guda biyu masu lamba 1N4007, duk mai gyaran talabijin yana da su, kuma kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Kowanne yana da zobe mai ruwan azurfa a gefe guda. Gefen zoben ne zai kalli rediyo. Ɗaya ya fito daga ACC, ɗaya daga igneshin, ka haɗa ƙafafunsu masu zobe wuri guda, ka jona su da jar wayar rediyo. Wanda ya juya dayod ɗaya, rediyo zai ƙi tashi daga wannan layin, wutar ɗaya layin kuma za ta iya bi ta cikinsa ta koma baya har ta ƙona dayod ɗin, kuma nan ne mutane ke cewa dabarar ba ta aiki. Kowane dayod yana cin kusan volt 0.7, wannan ba ya hana rediyo jin saƙo. Amfiya 1 kawai yake ɗauka, don haka ja kaɗai za ka ɗora masa, kada ka rataya masa caja ko amfilifaya. A yi haɗin da dalma, a rufe da robar nan mai tsukewa in ta ji zafi. Salatif a zafin watan Afrilu sakin jiki yake yi cikin dashbod, ƙafar dayod kuma tsirara take.

Wasu suna sa kapasita, wato ɗan abin da ke tara wuta na ɗan lokaci, mai maikrofarad 4700, volt 25, bayan dayod ɗaya, a madadin neman layin igneshin. Yana riƙewa a wani rediyon, a wani ba ya kaiwa. Na fi son dayod biyu.

In ka gama duk wannan rediyo bai daina mutuwa ba, auna rawaya lokacin tada inji. Ta faɗi ƙasa da volt 10, batir ne ya gaji ko kawunansa sun yi gishiri, ba wani dayod da zai gyara wannan.

Saura yadda rediyo zai riƙa tashi da wuri. Fara da saitin rediyon kansa: yawancin na Android suna da wurin zaɓen barci maimakon mutuwa gaba ɗaya, da kuma jinkirin kashewa bayan an zare makulli. Muddin rawaya na da wuta, yana farkawa cikin daƙiƙa biyu ko uku. Ga mai hawa mota kullum wannan ya wadatar.

Mai son ya fara tashi tun daga buɗe ƙofa, sai rile, wato maɓallin da wuta ke kunnawa, mai ƙafa huɗu. A tsofaffin Toyota da Honda, maɓallin ƙofa bodi yake bayarwa in an buɗe. Ƙafa 85 ta je wayar maɓallin ƙofar direba, 86 da 30 su je wuta mai fiyus, 87 ta bi ta dayod na uku zuwa ja. Ka sa jinkirin kashewa ya kai minti ɗaya don ya riƙe tsakanin rufe ƙofa da murɗa makulli. Illarsa, duk lokacin da ƙofa ke buɗe rediyo na kunne, a wurin wankin mota sai ka kula. Sabbin motoci masu maɓallin tadawa, waɗanda rediyonsu ke karɓar umarni daga ƙwaƙwalwar mota, kada ka yi musu wannan, ka sayi akwatin CAN, mai isar wa rediyo umarnin ƙwaƙwalwar, wanda ya dace da motar.

Kafin ka mayar da dashbod, kulle mota, jira minti 15, ka sa mita a ma'aunin amfiya tsakanin kan batir na bodi da wayarsa. Abin da ya wuce miliamfiya 50 ya yi yawa, ka koma ka duba ja.